Ƙwan da Ke Kamawa Ba Tare da Waya Ba

Zariya

Zuwa ga Autarmu,

Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan kowa lafiya lau. Hajiya ma ƙafar ta yi sauƙi, kullum tana cigiyarki.

Saƙonki ya iso, na kuma duba hotunan akwatin da kika tarar a kabad ɗin ɗakin gwaji. Kin ce tun zuwanki makarantar yana kulle, babu wanda ya san amfaninsa, har wasu na cewa kayan jami'an tsaro ne aka kawo bisa kuskure. Na ga gara in zauna in rubuto miki a tsanake, don maganar ta fi ƙarfin saƙon murya. Auta, abin da ke hannunki na'urar watsa igiyar rediyo ce da aka ƙera musamman domin koyar da fiziks, kuma a ganina duk ɗakin nan naku babu kayan aikin da ya kai ta daraja. Raina ya sosu da na tuna yawan 'yan matan da suka gama aji shida suka fita, sun haddace babin igiyoyi kaf, alhali abin da zai nuna musu igiyar yana bayan ƙyaure ƙura na cinsa.

Fara da lambar da ke jikinta, 433.92 MHz. Ma'anarta, lantarkin cikin eriyarta yana kai-komo sau miliyan 433 da dubu 920 a sakan guda. Wannan ya sa ta a rukunin UHF, wanda ya tashi daga megahaz 300 zuwa 3,000. Ki raba saurin haske, mita miliyan 300 a sakan, da wannan adadi, za ki sami tsawon zango na kimanin santimita 69. Duk amfanin na'urar a aji yana cikin wannan santimita 69 ɗin. Kin tuna yadda Baba ke murɗa rediyonsa yana neman Kaduna a gajeren zango mita 49? Kilohaz 6090 ke nan, kuma mita 49 ɗin da mai gabatarwa ke faɗa tsawon igiyar ne na gaske. Rabinsa kaɗai ya fi tsawon ajinku. Na tashoshin FM kusan mita 3 ne, shi ma ya yi wa tebur yawa. Na hasken da ido ke gani kuwa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Amma santimita 69 yarinya za ta buɗe hannuwa ta nuna shi, ta kuma auna shi da tef ɗin tela.

Kafin ki kunna, ki ba ɗalibai tarihin a taƙaice. James Clerk Maxwell, mutumin Sikotilan, ya nuna da lissafi a 1865 cewa lantarki da maganaɗisu na iya tafiya tare a sarari a matsayin igiya, kuma saurin da lissafin ya ba shi ya yi daidai da saurin haske. Sai ya ce to haske ma irin wannan igiya ce. Ya rasu a 1879 ba wanda ya nuna igiyar a zahiri. Wanda ya nuna ta shi ne Heinrich Hertz, a garin Karlsruhe na Jamus, tsakanin 1886 da 1888. Na'urar watsawarsa sanduna biyu ne da tartsatsi ke tsallakawa a tsakaninsu, wato kakar eriya mai hannu biyu da littattafanku ke kira dayifol. Abin karɓarsa zoben waya ne mai 'yar ƙaramar tsaga. Sai ya duhunta ɗaki, ya jira idonsa ya saba, yana leƙen ɗan tartsatsin da wani lokaci sai da gilashin ƙara girma ake ganinsa. A gwaje-gwajensa na ƙarshen 1888 igiyar da ya yi aiki da ita zangonta kimanin santimita 66 ne. Taku kuwa santimita 69 ce. Hertz ya mayar da tasa baya da madubin ƙarfe, ya lanƙwasa hanyarta da wani ƙaton dunƙulen kwalta mai kusurwa uku, ya tare ta da ragar wayoyi. Ya rasu a 1894 yana da shekara 36, kuma sunansa ne wannan Hz ɗin da ke jikin akwatinku. Ki faɗa wa ɗalibanki cewa abin da za su yi yau kusan shi ne abin da mutumin nan ya yi, da igiya mai kusan tsawo ɗaya, kuma kayan aikinsu sun fi nasa.

Ranar farko ki rufe tagogi, ki ɗora na'urar a tebur na katako, eriyarta a kwance. A hoto na biyu na ga sanduna biyu masu ɗan ƙwan tocila a tsakiya. Su ne eriyar karɓa. Ki ba su ta zaga aji hannu da hannu, su jujjuya ta, su tabbatar babu batir, babu wayar da ta haɗa ta da komai. Sannan ki kira ɗaya, ta riƙe ta daga maƙalin roba, ta matso da ita kamar taku guda daga na'urar, a kwance kamar ta watsawa, ke kuma ki kunna. Ƙwan zai kama. Ta ja baya ya dusashe, ta matso ya ƙara haske. Ki bar su su yi salati, su yi ihunsu, kada ki tsawatar.

Amma a nan ne nake jin tsoro, kuma dalilin wasiƙar nan ke nan. Malamai da yawa a nan suke tsayawa. Yara su tafa, su tafi ɗakin kwana suna cewa Malama ta yi siddabaru, bayan mako biyu ba abin da ya rage sai labari. Abin mamaki ba shi ne darasin ba, ƙofar shiga ce kawai. Don haka ki kafa doka tun ranar farko: ba za a motsa komai ba sai kowace yarinya ta rubuta a littafinta abin da take zaton zai faru, da dalilinta. Wadda ta rubuta da hannunta cewa ƙwan zai ci gaba da haske, sannan ta ga ya mutu a gabanta, ita ce za ta dame ki da tambaya, kuma ita ce ba za ta manta ba.

Gwaji na farko bayan wannan doka: a juya eriyar karɓa a hankali daga kwance zuwa tsaye, ba tare da an canza nisa ba. Hasken zai yi ta raguwa har ya ɗauke. Dalili shi ne filin lantarkin igiyar yana kwance ne daidai da sandar da ta watsa shi. Idan sandar karɓa na kwance, yana tura ƙwayoyin lantarkinta gaba da baya a tsawonta, su bi ta cikin ƙwan. Idan tana tsaye, turin yana faɗawa a kaurinta ne, ba su da hanyar gudu. Wannan shi ne layin nan da suke haddacewa don jarrabawa, cewa igiyar da ke kaɗawa a gicciye ce kaɗai ke da fuska, sauti ba shi da ita. Idan kika cire ƙwan kika sa dayod da mitar masu gyaran rediyo, kika ja nesa kaɗan inda siginar ba ta da ƙarfi sosai, za su iya zana jadawali: a digiri 45 ƙarfin ya koma kusan rabi, a digiri 60 kusan kwata. Daga nan a zagaya na'urar. Ta gaba da ta baya akwai haske, amma idan aka tsaya saitin bakin sandar, aka nuna mata bakin ta karɓa, babu komai. Eriya mai hannu biyu ba ta watsawa ta inda hannuwanta suka nuna.

Wanda na fi so shi ne na raga, kuma wannan sai kin sa kafinta ya yi miki. Firam na katako kamar mita guda kowane gefe, a ɗaura wayoyin jan ƙarfe a jere fuska ɗaya, tazarar santimita 3, irin tazarar da Hertz ya bari a tasa. Ki tambaye su: idan igiyar na kaɗawa a kwance, ta yaya za a riƙe ragar ta wuce, wayoyi a kwance ko a tsaye? Mafi yawansu za su ce a kwance, don suna ganin kamar igiyar za ta sulale ta tsakanin wayoyin. Sai ki sa ragar a kwance tsakanin eriyoyin biyu, ƙwan ya mutu. Ki juya ta tsaye, ya dawo kamar babu komai a wurin. Kada ki yi saurin ba su amsa. Ki bar su su yi gardama, ko da gardamar za ta ci sauran lokacin darasi. A ƙarshe wata za ta gano cewa kowace waya da ke kwance ita ma eriya ce, ta karɓi igiyar ta mayar da ita baya, wadda ke tsaye kuwa ba ta ma san igiyar ta wuce ba.

Sauran sandunan da ke akwatin, doguwa da gajera marasa ƙwai, ba rarar kaya ba ne. A riƙe doguwar a bayan eriyar karɓa, tazarar santimita 15 zuwa 17, haske zai ƙaru. A sa gajerar a gaba kusa da ita, ya ƙara ƙaruwa. Sai ki buɗe taga ki nuna musu eriyoyin talabijin da ke kan gora a rufin unguwa. Doguwar sanda a baya, gajeru a gaba, ɗaya tak aka jona wa waya. Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi ne suka fito da wannan tsari a jami'ar Tohoku da ke Sendai ta Japan a 1926. Sunan Yagi ya fi bin ta, don shi ya wallafa bayaninta da Turanci a 1928, amma Uda ya yi kaso mai tsoka na aikin, ki ambace shi. Ko wayar nan mai ohm 75 da ake sayarwa don talabijin, ta dace ne da eriya mai rabin zango, wadda turjiyarta a tsakiya kimanin ohm 73 ce.

Me ya sa sai rabin zango? Wannan kada ki faɗa da baki, ki bar almakashin waya ya faɗa. Ki sayi sandar walda ta tagulla ko waya mai kauri, ki raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni ya yi tasa eriyar: santimita 20, 25, 33, 40, 50, da ƙwai iri ɗaya a tsakiya, a liƙe da dalma. A gwada su a nisa ɗaya. Mai 33 za ta bar sauran nesa. Kamar mai goge ne da ke danne tsirkiya da yatsa: kowane tsawo da muryarsa, kuma sanda ba ta amsawa da kyau sai tsawonta ya dace da kaɗawar da ta zo mata. Wata mai kaifin kai za ta ce rabin 69 ai 34.5 ne, ba 33 ba. Ki yaba mata. Gaskiya ne, a aikace ana rage kimanin kashi 5 cikin ɗari saboda kaurin sandar da abin da ke faruwa a bakunanta.

Idan kwandon roba mai eriya biyu a ciki yana nan, doguwa da 'yar gajera, na gwajin ruwa ne. A iska doguwar ke kamawa. A zuba ruwa har ya rufe su, doguwar ta mutu, gajerar ta kama. A cikin ruwa igiyar na rage sauri kusan sau 9, don haka zangonta ya koma ƙasa da santimita 8. Lissafi zai ce rabin zango bai kai santimita 4 ba, amma da yake kwandon ƙarami ne, wani sashe na filin yana waje a iska, gajerar da aka saka takan ɗan fi haka tsawo. Ki nemi tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin sola, ki tabbatar ba asid aka ba ki ba. Ruwan rijiya mai gishiri ko kanwa yana shanye igiyar.

Yanzu ga babban aikin, wanda nake so ki ware masa darasi biyu a jere. Wayoyin nan biyu dogaye da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, tazararsu kamar santimita 2, sunan Ernst Lecher suke ɗauke da shi, masanin Ostiriya da ya bayyana dabarar a 1890. Ana jona ƙarshe ɗaya da na'urar, a haɗe ɗaya ƙarshen da guntun ƙarfe. Igiyar ta bi wayoyin, ta tarar da ƙarshe, ta dawo, mai tafiya da mai dawowa su haɗu su zama tsayayyiyar igiya. Sai a ɗauki ɗan ƙwan bincike a riƙa jan sa a kan wayoyin sannu a hankali. Zai kama, ya dusashe, ya mutu, ya sake kamawa. A sa alama da alli a tebur duk inda ya mutu. A auna wuraren mutuwa, ba wuraren haske ba, don ido ya fi iya tantance inda haske ya ɗauke. Tsakanin alama da alama rabin zango ne. Idan wayoyin akwatin gajeru ne ki shimfiɗa naki na mita ɗaya da rabi, don a sami alama uku ko huɗu, a auna daga ta farko zuwa ta ƙarshe a raba, kuskure ya ragu.

Su ninka abin da suka samu sau biyu, su buga da lambar jikin na'urar. Wadda ta sami santimita 34.5 za ta ga kimanin kilomita 299,400 a sakan, ainihin adadin kuwa 299,792 ne. Wadda ta sami 33 za ta ga kusan 286,000, mai 36 ta ga 312,000. Duka ki rubuta a allo, kada ki goge na kowa, kada kuma ki yarda wata ta gyara awonta don ya dace da littafi. A 1849 sai da Fizeau ya harba haske tazarar fiye da kilomita 8 a Faris da kewayenta, ta cikin haƙoran wata ƙafa mai juyawa, kafin ya auna wannan sauri, kuma adadinsa ya ɗan haura na gaskiya. 'Yarki mai shekara goma sha shida za ta same shi da alli da tef, daga igiyar da ba ta gani, ta kuma ga ya yi daidai da na haske. Hujjar Maxwell ke nan a hannunta. In babu lokacin komai cikin abin da na lissafa, ki yi wannan.

Akwai abubuwan da za su ba ki wahala, gara ki sani tun yanzu. Ƙarfen taga, teburin ƙarfe, fanka da kwanon rufi duk suna mayar da igiyar, sai ki ga ƙwan ya kama a inda lissafi ya ce bai kamata ba. Jikin mutum ma yawancinsa ruwa ne, idan yara suka yi cincirindo awo zai rikice. Ki ja layi da alli a ƙasa, mai awo kaɗai ke tsallake shi. Wannan matsala ma darasi ce: jingina fallen kwano a bango, a ja eriyar karɓa daga jikinsa, dab da kwanon babu haske, a santimita 17 ya cika, wajen 34 ya sake raguwa. Ki gwada komai ke kaɗai ranar Asabar kafin ki kawo shi gaban aji.

Kada ki taɓa kunna na'urar babu eriya a jikinta, don ƙarfin da ya rasa mafita yana komawa ciki ya ƙona taransista, samun irinsa kuwa aiki ne. Ki jona ta ta sitabilaiza, kin san halin wutarmu. Kada kowa ya taɓa bakin sandar tana kunne, a can boltej ke taruwa, yana ƙuna. Kada a kai fuska dab da ita, a kuma kashe ta tsakanin gwaji da gwaji. Duk mai na'urar daidaita bugun zuciya a jikinsa ya tsaya nesa. Za a tambaye ki ko tana sa ciwon daji, musamman bayan jita-jitar 5G da aka yi ta yaɗawa a 2020. Ki amsa da gaskiya: igiyar rediyo ba ta da ƙarfin tsinka ƙwayoyin halitta irin na hoton ƙashi da ake ɗauka a asibiti, abin da take yi idan ta yi yawa shi ne ɗumama nama, shi ya sa ake barin tazara.

A ƙasashe da dama na Turai da Afirka ƙananan na'urori irin rimot ɗin mota da na ƙofa suna aiki a wannan 433.92 ɗin, su kuwa motocin da aka shigo da su daga Amurka galibi 315 suke amfani da shi. Duk da haka sararin nan yana da masu kula da shi, a wurinmu hukumar NCC. Ki sanar da shugabar makaranta a rubuce, ki yi aikinki cikin ɗaki, kada a jona na'urar da babbar eriya a waje. Idan ta ƙi tashi, za a ba ki shawarar sayen oba-oba a kasuwa, tunda ita ma tana iya kunna ƙwan. Ban yarda ki saya ba sai da izinin hukuma, kin ga halin tsaron da ake ciki. Gara ki kai ta wurin tsohon mai gyaran rediyo ya duba fis da sashen wuta, sau da yawa matsalar ba ta wuce nan. Kafin nan, wayar salula ma UHF ce, megahaz 900 da 1,800. A 900 zango santimita 33 ne, eriyar santimita 16 da dayod da mita za ta nuna motsi idan aka mayar da wayar kan 2G aka yi kira kusa da ita. Ƙarar nan da lasifikar masallaci ke yi idan wayar liman za ta yi ringi, daga nan take, wayar na aika saƙonta guntu-guntu sau 217 a sakan.

Na san wani a ɗakin malamai zai ce wannan ba ya fitowa a jarrabawar gwaji ta WAEC ko NECO, ɓata lokaci ne. Ki amsa masa da ladabi cewa alaƙar sauri da zango da yawan kaɗawa tana fitowa, tsayayyiyar igiya tana fitowa, jerin igiyoyin lantarki da maganaɗisu yana fitowa, kuma yarinyar da ta auna su da hannunta ba ta rikita su a takarda. Ki roƙi a bar makullin kabad ɗin a hannunki, ki rubuta jerin abin da ke ciki, ki koya wa ko da malami ɗaya yadda ake haɗa ta, don kada ranar da aka canza miki wurin aiki a sake kulle ta.

Ki ɗauko mini hoton bayan na'urar inda aka rubuta ƙarfinta, da na ƙwayayen da ke ciki, in nemo miki irinsu a Sabon Gari in aiko da direba. Idan kun yi awon Lecher, ki turo mini lambobin kowane rukuni yadda suke, har da waɗanda suka kauce. Ki gaishe da maigidan da kyau, ki shafa mini kan yara. Hajiya ta ce a tuna miki kada hutun nan ya wuce ba ki zo ba. Allah Ya yi miki jagora, Ya sa albarka a aikinki.

Wassalam.

Yayanki